Tarihin Makarantar Firamare a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Daga Elemantare ta En'e Zuwa Yau

Duk wanda ya taso daga Zariya ya nufi Katsina ta hanyar Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ba zai yi tafiya mai nisa ba tare da ya wuce wata makarantar firamare a gefen titi ba. Idan ya tsaya ya leƙa ɗaya daga cikin tsofaffin, sau da yawa zai tarar da gine-gine iri uku a fili guda. Akwai tsohon aji mai kaurin bango da baranda, akwai dogon gini mai azuzuwa a jere wanda rufinsa ya sha tsatsa, sannan akwai sabon gini mai fenti da rubutun hukumar da ta gina shi. Waɗannan gine-gine zamani uku ne, kuma kowanne akwai dalilin da ya kawo shi.

A wannan shafi mun yi nufin bin diddigin yadda makarantar firamare ta shigo wannan yanki na kudancin Jihar Katsina, da hannuwan da ta bi ta cikinsu, domin amfanin iyaye da masu unguwanni da dagatai da kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi. Abin da muka lura da shi shi ne, tun farko har zuwa yau gari ne ke fara girma, makaranta ta biyo shi a baya da gudu. Sanannun makarantu irin su Aya da Gudindi a Funtuwa, ko Tunau a Malumfashi, da ɗaruruwan 'yan uwansu na ƙauyuka, duk a cikin wannan hali suka rayu.

Kafin zuwan boko

Ya kamata a fara da cewa ba Turawa ne suka kawo karatu ƙasar Katsina ba. Hasumiyar Gobarau da tarihin malamai irin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina sun isa shaida, haka kuma 'Yandoto, wadda a da take cikin kudancin ƙasar Katsina, ta yi suna wajen tara malamai da almajirai. Babu wani gari mai kasuwa da masallacin Juma'a a wannan yanki da ya rasa makarantar allo da zauren ilimi. Saboda haka lokacin da aka zo da boko, an tarar da mutanen da suka san darajar malami, suka kuma san abin da suke so ɗansu ya koya. Tsoron da suka yi wa sabuwar makarantar ba ƙin ilimi ba ne, tsoron abin da baƙo zai cusa wa yaro ne.

Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa ita ce wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Katsina ta shiga sahun gaba da wuri saboda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya karɓi abin hannu bibbiyu. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. Wannan kwaleji ce ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A Midil ta Katsina ne kuma Malam Abubakar Imam ya yi koyarwa kafin ya koma Zariya aikin rubuta littattafai. To amma duk wannan a birni ake yi. Kudancin ƙasar, mai nisan kwanaki a kan doki, sai da wani abu dabam ya jawo hankalin hukuma zuwa gare shi.

Auduga da jirgin ƙasa

Abin da ya jawo hankalin nan shi ne auduga. Ƙasar kudu ta fi ta arewa samun ruwan sama, tana kuma da laka mai riƙe danshi, don haka masaƙun Ingila suka sa mata ido. Kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, an kuma buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa a shekarun 1920. A ƙarshen waɗannan shekaru aka shimfiɗa hanyar jirgi daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan Funtuwa ta tashi daga ƙaramin gari ta zama matattarar 'yan kasuwa da leburori da ma'aikatan jirgi daga sassan Nijeriya, har mazaunin Sarkin Maska ya dawo cikinta daga tsohon garin Maska. Malumfashi kuwa dama mazaunin Galadiman Katsina ce, kamar yadda Bakori take mazaunin Makama.

Cinikin auduga yana bukatar wanda zai karanta sikeli ya rubuta rasit. En'e tana bukatar malamin haraji da malamin gona da malamin daji da malamin asibiti da magatakardan alƙali. Wannan bukata ce ta sa aka riƙa kafa elemantare a garuruwan hakimai, kusa da gidan hakimi ko ofishin gunduma, inda idonsa zai kai. Yawanci aji ɗaya ko biyu ne na ƙasa, da malami ɗaya na boko da malamin Arabiyya. Shekara huɗu ake yi, kuma da Hausa ake koyar da komai: karatu da rubutu, lissafi, addini, tsabta, labarin ƙasa, da aikin hannu ko na gonar makaranta. Wanda ya yi fice a jarrabawa sai a tura shi Midil a Katsina, can ne zai shiga Turanci sosai. Kaɗan ne ƙwarai suke samun wannan dama.

Yadda ake samun 'yan makaranta a wancan lokaci labari ne da dattawanmu ke bayarwa har gobe. Hakimi ne ke yanka wa kowane dagaci adadin yaran da zai kawo, dagaci ya sauke wa masu unguwanni. Wani uban sai ya ɓoye ɗansa a rumbu, wani ya tura shi gabas karatun allo kafin masu rubuta suna su iso. Wasu masu hali suka riƙa miƙa 'ya'yan barorinsu a madadin nasu, abin da ya zo ya juye daga baya, domin waɗancan yaran ne suka dawo a matsayin ma'aikatan hukuma. Muna ambaton wannan ba don zargin kowa ba, sai don a gane cewa makarantar farko ta hukuma ce, ba mutanen gari ne suka roƙa ba. Wannan tunani na cewa makaranta kayan gwamnati ce ya daɗe bai bar zukatan jama'a ba, kuma muna ganin ragowarsa duk lokacin da iska ta yaye rufin aji aka zauna ana jiran a zo daga Katsina.

Ban da na En'e, 'yan mishan sun buɗe nasu makarantu a unguwannin baƙi na garuruwan bakin hanyar jirgi, da kuma wasu ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Malumfashi da Ƙafur. Yawancin irin waɗannan sun koma hannun gwamnati a shekarun 1970, aka sake musu suna.

Lokacin Gwamnatin Jihar Arewa

Shekarun 1950 sun zo da Yaƙi da Jahilci, wanda ya sa manya suka zauna a gindin bishiya da yamma suna koyon karatun Hausar boko. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta shiga ƙauyuka, manomi ya ga amfanin ya karanta takardar auduga da kansa kada a cuce shi a wajen awo. Wannan ya sassauta zukata fiye da duk wani umarnin hakimi. Aka kuma sauya tsari: elemantare ta zama ƙaramar firamare mai shekara huɗu, aka ƙara babbar firamare mai shekara uku, wadda ake kira siniya. Garuruwa kaɗan ne ke da siniya, saboda haka yaron ƙauye yakan bar gida tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya je ya zauna a makarantar kwana ko gidan ɗan uwa.

Ɗan wannan ƙasa, marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, shi ne Ministan Ilimi na Jihar Arewa daga 1957 zuwa 1966. A zamaninsa aka yi Dokar Ilimi ta 1962, wadda ta kafa hukumomin ilimi na yankuna. Daga nan ne sunan LEA ya samo asali, sunan da har yanzu tsofaffi ke kiran makarantar gwamnati da shi, ko da yake hukumar da ke ɗauke da shi ta daɗe da sauya kama. A 1967 Lardin Katsina da na Zariya suka haɗu suka zama Jihar Tsakiyar Arewa, wadda aka mayar da sunanta Jihar Kaduna a 1976.

Shekaru huɗu da suka sauya komai

Idan akwai lokacin da ya kamata mai neman tarihin kowace makaranta a wannan yanki ya tsaya ya duba da kyau, to tsakanin 1975 ne da 1978, domin abubuwa huɗu ne suka faɗo kusan a tare.

A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya shafi gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari. Ya buɗe hanyoyin karkara, ya gina ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki da iri. A sanadinsa masara ta tashi daga abin da ake shukawa a bayan gida ta zama babban amfanin gona na sayarwa. Ƙauyen da hanya ta ratsa sai ya sami kasuwa, ƙauyen da ya sami kasuwa sai baƙi su sauka, unguwa ta zama gari.

A 1976 aka yi gyaran tsarin ƙananan hukumomi, En'e ta kau, Funtuwa da Malumfashi suka zama ƙananan hukumomi masu cin gashin kansu. A watan Satumba na wannan shekarar kuma gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, wanda Janar Yakubu Gowon ya yi alkawarinsa tun 1974. Masu tsara shirin sun yi lissafin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Sannan a 1978 aka kafa masaƙar Funtuwa, wadda ta ƙara jawo ma'aikata da iyalansu cikin gari.

Sakamakon haka, mafi yawan makarantun ƙauyukan wannan yanki 'ya'yan UPE ne. Dogon ginin nan mai tsatsa da muka ambata a farko, nasu ne. An gina su cikin gaggawa, wasu 'yan kwangila sun yi aiki nagari, wasu kuwa bangon bai ga damina biyar ba. Inda gini bai iso ba, an fara karatu a zauren mai unguwa ko a rumfar kara ko gindin ɗorawa. Filin kuwa dagaci ne ke nunawa da sanda: daga wancan kuka zuwa waccan tsamiya. Babu awo, babu takarda, domin a lokacin daji ne, ba wanda ya yi zaton wata rana za a yi rigima a kansa. Za mu dawo kan wannan batu.

Malamai su ne babbar matsalar. An buɗe kwalejojin horon malamai da yawa, an rage tsawon horo, an ɗauki waɗanda suka gama firamare kawai a matsayin malaman wucin gadi, an kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin waɗanda ke bakin aiki su ƙaro ilimi ba tare da barin aji ba. Duk da kurakuran da aka yi, ba daidai ba ne a raina UPE. Da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyi da alƙalai da manyan ma'aikatan da wannan yanki ke alfahari da su a yau, a kan tabarma ko dandaɓen ƙasa na waɗannan azuzuwa suka fara sanin baƙi da wasali. Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 kuma ya mayar da firamare shekara shida a maimakon bakwai.

Shekarun tsanani

Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, Gwamnatin Tarayya ta janye hannunta daga ɗaukar nauyin firamare, nauyin ya faɗo kan jihohi da ƙananan hukumomi. Albashin malamai ya riƙa makara, gyara ya tsaya, yara da yawa suka koma gona. Ana cikin wannan hali aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, da ƙananan hukumomi bakwai. An kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake dawo da ita a 1993 tare da hukumomin jihohi da na ƙananan hukumomi. Kafin 1996 ta ƙare, ƙananan hukumomin jihar sun kai 34, aka fitar da Bakori, Ɗanja, Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Ƙanƙara da Ƙafur daga cikin tsofaffin biyun. Kowane rabo yana nufin kwashe fayiloli daga wannan ofis zuwa wancan, kuma a irin wannan ƙaura ce takardun makarantu da dama suka salwanta.

Daga 1999 zuwa yau

Ranar 30 ga Satumba, 1999, aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta wajabta ilimi kyauta na shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi, da sharaɗin sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na gine-gine. A nan jihar, gwamnatin marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, daga 1999 zuwa 2007, ta yi suna wajen gyara da gina azuzuwan firamare, har da benaye a makarantun cikin gari da fili ya yi wa kaɗan. Gwamnatocin da suka biyo baya sun ɗora a kai. Katsina na cikin jihohin da aka gudanar da shirin ilimin 'ya'ya mata na Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da tallafin gwamnatin Birtaniya, wanda ya taimaka wajen yaɗa kwamitocin kula da makarantu na al'umma, waɗanda ake kira SBMC.

To amma gari bai tsaya jira ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Funtuwa mutane kimanin dubu 225, ta ba Malumfashi kimanin dubu 183, kuma yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar yanzu wasunsu iyaye ne. Funtuwa ta ci gaba da zama mahaɗar hanyoyin Zariya, Gusau, Katsina da Birnin Gwari, an kuma buɗe mata tashar sauke kaya ta kan tudu a 2024. Tsarin Ilimi na Ƙasa ya so malami guda ya riƙe yara 35. Duk hedimastan da ke cikin garin Funtuwa ko Malumfashi zai gaya muku nisan da ke tsakanin wannan adadi da abin da ke gabansa a ajin farko. Wannan cunkoso na cikin abin da ya haifar da yawaitar makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu masu haɗa boko da addini, waɗanda suka rage wa na gwamnati nauyi, amma ba su ɗauke nauyin ɗan talaka ba.

Sai kuma matsalar tsaro ta shigo. Sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, shi ne abin da duniya ta ji, kuma Allah ya sa an sako su bayan kwana shida. Abin da ba a cika ji ba shi ne abin da ya sami ƙananan makarantun firamare na ƙauyukan bakin daji a Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara, inda mutane suka tashi, malamai suka kasa zuwa. Iyalan da suka yi gudun hijira cikin manyan garuruwa suka shigo, 'ya'yansu kuma azuzuwan da dama a cike suke suka ƙara wa yawa. Ga aji babu kowa a ƙauye, ga aji ba masaka tsinke a gari, a cikin ƙaramar hukuma guda.

Akwai wani abu da bai sauya ba tun zamanin elemantare, wato karon da ke tsakanin makaranta da gona. Zangon farko yana faɗowa daidai lokacin kaka, sa'ad da ake karyar masara, ana yankan dawa da waken suya, ana cirar auduga. Ranar kasuwa ma rajista takan nuna giɓi, musamman a ɓangaren 'yan mata masu talla. Manomi ba ya hana ɗansa zuwa makaranta don ƙiyayya, hannu yake nema. Inda kwamitin makaranta ya zauna da iyaye aka yi yarjejeniya yaro ya je aji da safe ya taya aiki da yamma, an fi samun biyan bukata fiye da inda aka tsaya ga barazana.

Wa ke da alhakin me?

Saboda yawan hannuwan da makaranta ta bi, jama'a kan rasa inda za su kai kuka. A taƙaice, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, ita ke kula da manyan gine-gine da kayan aiki da tsare-tsaren malamai. Hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, ƙarƙashin Sakataren Ilimi, ita ke sa ido kan aikin yau da kullum, kuma ta hannunta buƙatun hedimasta ke bi su isa Katsina. Kwamitin SBMC, wanda ya ƙunshi mai unguwa ko dagaci da malaman addini da iyaye maza da mata da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a, shi ne idon gari. Shi ya kamata ya fara sanin malamin da ba ya zuwa, da ajin da ke yoyo, da yaron da ya daina halarta. Kwano guda da iska ta ɗaga, in an buga masa ƙusa a ranar, aikin kafinta ɗaya ne. In an bar shi ya kai damina ta gaba, ya zama aikin kwangila.

Fili da takardu

Yanzu mu koma kan filin nan da dagaci ya nuna da sanda. Makarantar da aka gina a bayan gari a 1976, yau tana tsakiyar gari, kuma fuloti a gefenta ya yi tsadar da kakanninmu ba su taɓa mafarki ba. Kukar da aka yi iyaka da ita ta faɗi, dagacin da ya ba da filin ya rasu, shaidu sun ƙare. Da kaɗan-kaɗan ake ci: wani ya kafa teburin sayar da kaya, shekara ta zagayo ya zama shago, wani ya ja katangar gidansa taku uku, wani magaji ya taso ya ce gonar kakansa ce aro aka yi. Ranar da aka samo kuɗin gina sababbin azuzuwa shida, sai a tarar babu inda za a aza su. A ganinmu wannan ita ce hasara mafi girma da makarantar gari mai tasowa ke iya yi, domin rufi ana sakewa, benci ana sayowa, amma filin da aka gina wa gida ya tafi ke nan.

Dokar Mallakar Filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun Gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a yankunan karkara. Don haka hanya a buɗe take ga kowane kwamiti ya nemi, ta hannun Sakataren Ilimi, a auna filin makarantarsa, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta takarda da sa hannun hakimi da dagaci da maƙwabta tun suna raye. Inda kuɗin katanga bai samu ba, layin darbejiya ko aduruku yana tsare iyaka, ya kuma ba yara inuwa. Haka nan muna jan hankalin jami'an da ke yanka sababbin unguwanni a gefen Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume, su fitar da filin makaranta tun ranar da ake yanka fuloti, ba bayan gidaje sun haɗe ba.

Na biyu shi ne takardu. Kowace makaranta tana da manyan littattafai biyu da suka fi sauran daraja. Ɗaya shi ne rajistar shiga, mai ɗauke da sunan kowane yaro da na mahaifinsa da ranar da aka ɗauke shi, da lamba bi da bi tun daga na farko. Ɗayan kuma shi ne logbuk, inda hedimasta ke rubuta abin da ya faru: ranar buɗe makaranta, zuwan sabon malami, ziyarar hakimi ko mai duba makarantu, annobar ƙyanda ko sanƙarau da ta sa aka rufe, ranar da guguwa ta yi ɓarna. Wanda ya karanta logbuk na shekara arba'in ya karanta tarihin garin ne gaba ɗaya. Sau da yawa kuma a cikinsa ake samun layi ɗaya da ya faɗi wanda ya ba da fili da inda iyakarsa ta tsaya, layin da zai iya kashe shari'a. Abin baƙin ciki, gara da yoyon ruwa sun cinye da yawa daga cikinsu a cikin kabad ɗin ofis.

Muna roƙon hedimastoci su nemo tsofaffin littattafan nan, su ɗauki hoton kowane shafi ko da da wayar hannu ne, a ajiye kwafi guda a ofishin Sakataren Ilimi, guda a wajen dagaci. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su zauna da 'yan ajin farko da suka rage da tsofaffin malamai, a naɗi muryarsu: wace shekara aka fara, a zauren wa, wane ne malamin farko, yara nawa ne, mata nawa ne a ciki. 'Yan ajin farko na UPE yanzu sun haura shekara hamsin, na zamanin En'e kuwa sun kai saba'in zuwa sama.

Ga makarantun da suka girmi 1960, akwai fayilolin En'e da na lardi a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Mai bincike ya lura cewa daga 1926 zuwa 1934 ƙasar Katsina tana ƙarƙashin Lardin Zariya ne, saboda haka takardun waɗannan shekaru, waɗanda su ne shekarun zuwan jirgi Funtuwa, a cikin na Zariya ya kamata ya fara neman su.